Kurakuran da aka fi yi idan yaro ya yi jinkirin magana

Idan yaro ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, abin da uwa ta fi ji daga bakin manya shi ne, "Ki ƙyale shi, nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya yi wayo ya fara magana." Maganar tana kwantar da hankali, kuma wani lokaci takan zama gaskiya, domin da yawa daga cikin yaran da suka makara suna kamo tsaransu da kansu. Sai dai babu mai iya duban yaro da ido ya tabbatar cewa yana cikin waɗanda za su kamo, alhali shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe. Shi ya sa nake ganin zaman jira shi ne kuskuren da ya fi cutar da yaro.

Maganinsa shi ne iyaye su san abin da ake sa ran gani a kowane mataki. Jariri yakan fara gwaranci tsakanin wata 6 zuwa 9, a riƙa jin "ba-ba-ba" da "ma-ma-ma". Idan ya shekara, ya kamata ya waiwaya in an kira sunansa, ya ɗaga hannu in ana sallama, kuma a wajen nan ne kalmar farko takan fito. A wata 18 ana sa ran yana da 'yan kalmomi kuma yana nuna abu da yatsa, a shekara 2 yana haɗa biyu kamar "Mama ruwa", a shekara 3 kuwa baƙo ya gane mafi yawan abin da yake faɗa. Wanda ya gaza waɗannan a kai shi asibiti ko da namiji ne, domin tazarar da ke tsakanin maza da mata a wannan fanni ƙarama ce. Wanda kuma ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, wannan ba a kwana da shi.

Kuskure na biyu shi ne a tsaya kan baki a manta da kunne. Yaro yana faɗin abin da ya ji ne, saboda haka duk wani bincike daga ji yake farawa. Sau da yawa uwa takan ce, "Ai yana ji, in na tafa hannu a bayansa yana juyowa," amma wannan gwajin yana ruɗi, domin yaro yana iya ganin inuwa ko ya ji iska a ƙeyarsa. Akwai kuma wanda yake jin ƙarar babur da bugun ƙofa sarai, amma sautuka marasa ƙarfi irin su "s" da "f" da "sh" ba sa isa gare shi, sai magana ta zo masa guntu-guntu. A yankinmu dalilan suna da yawa. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma raunin ji yana cikin abubuwan da cutar ta fi bari ga waɗanda suka tashi. Haka ƙyanda, da shawarar jarirai idan ta yi tsanani, da doguwar naƙudar da ta sa jariri ya jima bai yi kuka ba, da wasu allurai irin su jentamaisin idan an yi su barkatai. Ga kuma kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni ana ɗiga masa mai a gida, alhali dodon kunne ne ya huje. Gwajin ji na asibiti ba ya da zafi, kuma akwai na'urar da ke auna jariri yana barci. Ana samun sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Daga mantawa da kunne ne ake zarcewa wurin wanzami, a ce a yanke linzami ko a cire beli domin baki ya buɗe. Linzami, wato zaren da ke ƙarƙashin harshe, idan ya yi gajarta sosai, yana iya hana shan nono da kyau ko ya shafi furucin wasu haruffa, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi, beli kuwa babu ruwansa da wannan matsala. Abin da ake jawo wa yaro shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Addu'a da tofi kuwa ba su hana zuwa asibiti ba, ana haɗa su ne, kada ɗaya ya zama dalilin jinkirta ɗaya.

Akwai kuskuren da ƙauna ce ke haifar da shi. Yaro ya kama zanin uwarsa ya ja ta zuwa randa, kafin ya buɗe baki an miƙa masa moɗa, ko kuma yayarsa ta riga shi da cewa, "Ruwa yake so." Wasu kuma sukan bi ta ɗaya ɓangaren, su tsare shi a gaban baƙi da "Ce Baba! Ce mana!" har ya sunkuyar da kai. Abin da masu gyaran magana suke koya wa iyaye yana tsakanin biyun. Uwa ta durƙusa daidai fuskarsa, ta riƙe moɗar, ta ce, "Ruwa? Ruwa kake so?", sannan ta yi shiru na ɗan lokaci tana dubansa. In ya ce "uwa", kada ta ce ya yi kuskure, ta amsa da "E, ruwa, ruwa mai sanyi," ta ba shi. Ƙa'idar ita ce a ɗora kalma ɗaya a kan abin da ya faɗa. Wanka da tuƙin tuwo da tsintar shinkafa duk lokutan hira ne, a riƙa faɗin sunan abin da hannu yake taɓawa, a yi masa tatsuniya da waƙoƙin reno, a ba shi zaɓi tsakanin ƙosai da kunu domin ya sami dalilin amsawa.

Waya ba ta maye gurbin wannan, ko da katun ɗin da yake kallo na koyar da harafi ne, domin allo ba ya jiran amsar yaro. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana.

Wasu iyayen sukan ɗora laifin a kan yawan harsuna, har su daina yi wa yaro Hausa ko Fulatanci su koma Turanci zalla. Tashi da harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Idan za a ƙirga kalmominsa sai a haɗa na duka harsunan, kuma uwa ta yi masa harshen da ta fi sakewa a cikinsa.

Ya kamata kuma a lura da abin da ya wuce furuci. Yaron da yake gane umarni, yana nuna abu da yatsa, yana wasan girki da tsaransa, lamarinsa ya bambanta da wanda ba ya haɗa ido, ba ya amsa sunansa duk da jinsa lafiya lau, yana maimaita motsi ɗaya na tsawon lokaci. Na biyun yana buƙatar likitan yara ya duba ko lalurar otizim ce, wadda wasu ke kira galahanga, domin horon da aka fara da wuri ya fi tasiri. Idan za a je asibiti, uwa ta rubuta kalmomin da yake faɗa, ta ɗauki katin rigakafinsa, ta tuna duk zazzaɓi mai tsanani ko jijjiga da ya taɓa yi, kuma in da hali ta ɗauki ɗan bidiyonsa yana wasa a gida, saboda yara da yawa sukan yi gum a gaban likita.