Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen zaɓen ƙwaƙwalwar injin motar tsere

A gasar Formula Student ta ɗaliban jami'a masu ƙera motar tsere, wadda ta faro a Amurka a 1981 da sunan Formula SAE, ta isa Ingila a 1998, akwai wurin da ake raba aya da tsakuwa. Tseren juriya ne na kilomita 22, kuma shi ya fi kowane sashe maki. Idan an kai rabi sai direba ya shigo ya kashe inji, ya sauka, abokinsa ya hau. Daga nan dole motar ta tashi da sitatarta, babu turi, babu batirin aro. Injin ya yi zafi, fankar lagireto ta sha batir, yara sun yi cirko-cirko a gefe suna sauraron sitata tana juyawa da ƙyar. Motoci da yawa a nan aikinsu na shekara guda yake ƙarewa. Duk wanda zai sayi ƙwaƙwalwar inji, wato ECU, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar inji, wannan minti ɗin ya kamata ya riƙe a ransa, ba ƙarfin dawakin da aka rubuta a takardar talla ba.

Me ya sa ma ake canza ta? Dokar gasar ta ƙayyade girman inji, kada ya wuce cc 710, kuma duk iskar da zai shaƙa sai ta bi ta rami ɗaya mai faɗin milimita 20, ko 19 idan ana amfani da E85, man da mafi yawansa ethanol ne. Ramin da ƙyar babban yatsa zai shige. Ɗalibai sukan ɗauko injin babur, irin Honda CBR600RR ko Yamaha R6 masu silinda huɗu, ko na KTM da Yamaha WR450 masu silinda ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ta zo da babur an saita ta ne a kan inji mai shaƙar iska a sake. Da an shaƙe masa wuya, lissafin mai da na wuta duk ya rushe. Wasu sukan nace da ta asalin, su liƙa mata ƙaramar na'ura mai yi mata dabara, don gudun kashe kuɗi. Tana iya tada injin, amma za ku yi ta faɗa da makullin tsaro na kamfani da sansocin da ba ku da su, kuma taimin wuta ba zai taɓa zama a hannunku sosai ba. A ganina wannan tsimi ne mai tsada.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne akasin wannan: saye don suna. An ji manyan jami'o'i suna amfani da MoTeC ko Bosch Motorsport, sai a kwashe rabin kuɗin ƙungiya a zuba a akwati ɗaya, a rasa na wayarin da na gwaji. Kayan suna da kyau, babu musu. Haka ma Haltech ta Ostareliya, da Link ta New Zealand, da ECUMaster ta Poland, da PE3 ta Amurka. A ɗaya gefen akwai MegaSquirt da ƙaramarta MicroSquirt, da Speeduino da aka gina a kan Arduino, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake saitawa da manhajar TunerStudio. Kowace a cikinsu tana iya tafiyar da injin da aka shaƙe. Tambayar ita ce, wa zai ɗaga muku waya idan ta ƙi tashi ƙarfe biyu na dare? Idan malaminku ko tsohon ɗalibi ko mai na'urar gwada ƙarfin inji da ke kusa da ku ya iya wata, ita za ku saya, ko da ba ita ce ta yayi ba. Ku kuma tambaya tun kafin biya ko akwai abubuwan da sai an ƙara kuɗi ake buɗewa, don wasu kamfanonin suna sayar da adana bayanai ko sarrafa totur na lantarki daban. Mai arha ma tana da nata kuɗin ɓoye: idan ku za ku haɗa allon da hannunku, to ku ne kamfani, ku ne kuma masu gyara.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a natsu, domin a nan aka fi zubar da hawaye: siginar karanshaf. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin fistin. Abin da take gani shi ne haƙoran wani ƙaramin faifai suna wucewa gaban sansa, daga nan take sanin inda inji yake da kuma gudunsa. Kowane inji da irin haƙoransa. Wani 36 ne aka cire ɗaya, wani 60 aka cire biyu, injinan babur kuwa sau da yawa tsarinsu na kansu ne, kuma sai an haɗa da sansar kamshaf kafin a gane wace silinda ce ke kan matsi. Ɗalibai sukan sayo akwati, ya iso, sannan a gano bai san yaren injinsu ba. Gyaran yana da sauƙi idan an yi shi da wuri: ku buɗe murfin, ku ƙirga haƙoran da idonku, ku ɗauki hoto, ku tura wa kamfanin ku ce su tabbatar a rubuce cewa na'urarsu tana karanta wannan tsarin.

Ita kanta sansar iri biyu ce. Akwai mai maganaɗisu, da ake kira VR, wadda yawanci wayoyinta biyu ne, ita ke haifar da wutarta. Akwai Hall, mai waya uku, wadda ake ba wuta ta fitar da sigina mai tsabta. Halin VR shi ne ƙarfinta yana bin gudun inji: lokacin da sitata ke juyawa a hankali siginar ba ta da ƙarfi, idan inji ya ɗauki gudu kuma ta yi yawa. Shi ya sa za ka ga mota tana gudu lafiya lau amma tada ta ya zama aiki. Wani abin haushin, idan aka juya wayoyin biyu, injin zai iya tashi, har ya yi silo mai daɗi, amma taimin yana zamewa da zarar an taka totur. Babu abin da zai tona wannan sai fitilar duba taimin. Ku kulle taimin a kan lamba ɗaya a kwamfuta, misali digiri 10, ku haska alamar da ke kan inji, ku ƙara gudu. Idan alamar ta tsaya cak, kun tsira. Idan tana yawo, kada ku taɓa teburin saitin mai da ke cikin manhaja tukuna, gini ne kan yashi.

Sai ƙirgen ƙofofi. Kafin a buɗe kasida, a zauna da takarda a jera duk abin da zai shiga da wanda zai fita: nozul nawa, kwayil nawa, famfon mai, fanka, zafin ruwa, zafin iska, matsin man inji, matsin fetur, gudun tayoyi, na'urar canza giya. A bar rara, domin 'yan baɗi za su so ƙari. Kwayil ma a duba shi da kyau. Wani yana da mai kunna shi a ciki, sigina kaɗan ta ishe shi. Wani kuwa, kamar yawancin na babur masu waya biyu da ke zaune kan filogi, sai an ba shi na'urar kunnawa, ko dai a cikin ƙwaƙwalwar ko a waje. Haɗa su a karkace yana iya ƙona kwayil ko ƙofar ƙwaƙwalwar nan take. Nozul kuma a auna shi da mita: mai kusan om 12 ba ya ba da wahala, mai om 2 zuwa 4 yana buƙatar ƙwaƙwalwar da ta san yadda ake rage masa wuta bayan ya buɗe.

Wajen auna nauyin da ke kan inji, hanyoyi biyu aka fi bi: ko a dubi matsin iska a bayan totur, ko a dubi buɗewar totur ɗin kansa. Mai silinda huɗu da tukunyar iska ɗaya, wato akwatin da iska ke taruwa kafin ta shiga inji, yakan ba da matsi mai natsuwa. Mai silinda ɗaya kuwa numfashinsa tsalle yake, matsin yana hawa yana sauka a kowane juyi, har ƙwaƙwalwa ta rikice a silo. Masu irin wannan injin su tabbata na'urarsu tana iya aiki da totur, ko ta haɗa biyun, ko ta ɗauki matsin a wuri ɗaya na kowane juyi.

Saita mai da kunne da launin filogi ba zai kai ku ba. Ana buƙatar sansar salansa mai faɗin awo, wadda ke nuna ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, irin Bosch LSU 4.9, kuma ba kowace ƙwaƙwalwa ce ke da mai sarrafa ta a ciki ba. Fetur yana ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska kan ɗaya na mai, E85 kuwa wajen 9.8. Wanda ya koma E85 da tsoffin nozul da tsohon famfo zai tarar man bai isa ba daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

A kan totur na lantarki magana ɗaya zan yi: ku karanta dokar shekarar da za ku shiga kafin ku yi sha'awarsa. Ana neman sansa biyu a feda, biyu a totur, kuma idan suka saɓa da fiye da kashi 10 cikin ɗari na sama da milisakan 100, dole wutar totur ta yanke. Akwai kuma da'irar tsaro ta birki da dokar ta ce ta tsaya da kanta, ba cikin manhaja ba. Ƙungiyar da ke gina motarta ta farko, igiyar totur ta ishe ta.

Laifin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa, mafi yawansa na wayarin ne. An ja wayar sansar karanshaf kafaɗa da kafaɗa da ta kwayil, babu rigar kariya. An ɗaure wayar ƙasa ta sansoci a jikin firam tare da ta fanka, sai fanka ta kunna ka ga zafin ruwa ya yi tsalle a allo. An haɗa layin CAN, wato wayoyi biyun da na'urori ke aika wa juna bayanai ta kansu, babu rasista mai om 120 a kowane ƙarshe. Idan an kashe wuta aka sa mita tsakanin wayoyin biyu, om 60 ya kamata a gani. Rewaya nagari ya san waɗannan, ɗalibi mai gaggawa ne ke tsallake su. Ku haɗa da kuɗin soket masu hana ruwa da filayar matse su a kasafin ƙwaƙwalwar tun farko.

Abin da ya rage shi ne lokaci. Akwatin da ya iso wata ɗaya kafin gasa, komai tsadarsa, bai kai mai arha da aka yi wata shida ana gwadawa ba. Kada kuma a aro teburin saiti na wata jami'a a ɗora kai tsaye, tunda tukunyar iskarku da salansarku ba irin nasu ba ne. Wanda ya yi saitin ya rubuta abin da ya canza da dalilinsa, domin baɗi ya kammala karatu ya tafi da abin da ke kansa.

Kafin ku ce kun gama, ku kwaikwayi wancan minti ɗin a filin makarantarku. Ku yi gudun kilomita 11 da gaske, ku kashe inji, ku jira minti uku, ku danna sitata da batirin da ke jikin motar, kwamfuta tana ɗaukar bayanai. Ku dubi inda wutar batir ta faɗi lokacin juyawa, ku ga ko ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta sake kunnuwa, ko siginar karanshaf ta ɓace. Ku lura da sansar zafin iska, wadda ke jiƙa da zafin inji idan mota ta tsaya, har ta sa a rage mai fiye da kima. Ku gyara man tadawa na zafi, ku sake fita, ku maimaita sau goma a ranaku daban-daban, har da tsakar rana.