Kurakuran da aka fi yi wajen tantance ƙwayoyin halittar HLA da KIR

A duk DNA ɗin ɗan Adam babu wurin da mutane suka sha bamban kamar ƙwayoyin halittar HLA, masu taimaka wa garkuwar jiki ta gane baƙo. Suna kan kuromosom na 6, kuma nau'o'in da aka adana a rumbun IPD-IMGT/HLA sun haura 30,000. Shi ya sa mai kwatanta al'ummomi ke saurin yin tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dogaro da kintace. Saboda tsadar gwajin kai tsaye, sai a ɗauki bayanan SNP, wato wuraren da harafi ɗaya na DNA ke bambanta tsakanin mutane, a bar kwamfuta ta kintaci nau'in HLA. To amma kwamfutar da su wa ta yi karatu? Yawancin rumbunan farko da jinin Turawa aka gina su. In ka ba ta samfurin mutanen Afirka, nau'in da ba ta sani ba sai ta liƙa masa sunan makwabcinsa, ta ba ka amsa kamar ta tabbata. Gyaran shi ne a nemi rumbun da ya ƙunshi al'ummar da ake nazari, sannan a ware wasu samfura a karanta su kai tsaye don a gwada.

Sai tsayawa a lamba ta farko ta sunan nau'in HLA. A rubuta B*57 a wuce, alhali B*57:01 ne ke jawo mummunan borin jini ga mai shan abacavir, maganin cutar ƙanjamau, B*57:03 kuwa, wanda aka fi samu a Afirka, ba a danganta shi da hakan ba. Rubuta ɓangare biyu na lambar, kamar 57:01, shi ne mafi ƙaranci.

Hanyar PCR, wato ninka guntun DNA don a iya karanta shi, ita ma tana da nata tarkon. Idan sinadarin da ke fara ninkawar (primer) bai kama wani nau'i ba, wanda ya gaji nau'i biyu daban daga uwa da uba zai fito kamar mai ɗaya. Duba ma'aunin Hardy-Weinberg, lissafin da ke nuna yawan masu nau'i ɗaya da masu biyu da ake sa ran samu a al'umma: in masu nau'i ɗaya sun yi yawa, zargi gwajinka kafin ka ce ka gano sabon abu.

KIR kuwa, wasu ƙwayoyin halittar garkuwar jiki da ke kan kuromosom na 19, ba nau'i kaɗai ke canzawa ba, har adadin ƙwayoyin. Wani yana da kwafi biyu, wani uku, wani babu ko ɗaya, don haka "akwai" ko "babu" bai wadatar ba. In an karanta DNA gunduwa-gunduwa, gajerun guntayen sukan faɗa gurbin da ba nasu ba wajen haɗa su saboda ƙwayoyin sun yi kama sosai. Nan ne na'urorin karanta dogon zare, irin su PacBio da Oxford Nanopore, suke raba gardama, domin suna nuna abin da ke kan kowane kuromosom daban.