Yadda Ake Sabunta Ƙwaƙwalwar Tsohon Injin Masana'anta Ba Tare da An Sayi Sabon Layi Ba

A masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa za ka tarar da injin da ya haura shekara talatin, ƙarfensa garau. Abin da ya tsufa yana cikin akwatin lantarki: PLC, ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙo daga na'urorin awo tana ba injin umarni. Kamfanin Siemens ya fito da PLC ɗinsa mai suna S5 a 1979, ya kuma daɗe da daina ƙera ta. Kamfanin Rockwell ma ya dakatar da tasa, PLC-5, a 2017. Ranar da kati ɗaya ya ƙone, sai a shiga farautar ɗan gwanjo, layi na tsaye, albashi na tafiya. Maganin ba sayen sabon layi ba ne. A bar ƙarfe da wayoyi, a sauya ƙwaƙwalwar kaɗan-kaɗan.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, kwafe manhajar da ke cikin PLC ɗin. Wannan matakin ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi sakaci da shi. A S5 da yawa, ɗan batir ne ke riƙe da manhajar. Idan ya mutu aka ɗauke wuta, ta tafi ke nan, sai fa in an taɓa adana ta a katin EPROM, wanda ke riƙe bayanai ko babu wuta. Don haka ba a canza batirin sai akwatin na da wuta. Nemi kwamfuta mai STEP 5, manhajar Siemens ta aiki da S5, da igiyar da ta dace, ka kwafa, ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajen masana'anta. Abin da za ka sauko da shi lambobi ne zalla, domin bayanan da injiniyan farko ya rubuta ba sa zama cikin PLC. Nan ne tsohon ma'aikacin da ya shekara ashirin kan injin ya fi kowane littafi amfani. Zauna da shi da biro da takarda: me ya sa famfon nan ke jinkiri kafin ya tashi, wace waya aka taɓa tsallakewa? Rubuta duka.

Daga nan ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowace lamba, ka gwada da zanen asali. Da wuya su yi daidai, gyara zanen.

Sau da yawa ba PLC ce ke da laifi ba, wuta ce da ƙura. Canza tsohuwar na'urar da ke ba da volt 24, gyara wayar ƙasa, sa abin kare hawan wuta da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, saboda sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, sannan ka sabunta fanka da matatar iska kafin hunturu.

In akwatin ya samu lafiya, sai a ba shi baki. Akwai ƴar na'ura da ke karanta Modbus ko Profibus, wato yarukan da na'urorin masana'anta ke magana da su, ta miƙa bayanan ga sabuwar kwamfuta ta wayar sadarwa ta Ethernet, ka riƙa ganin zafi, matsi da lokutan tsayuwa ba ka taɓa manhajar ba. Saita ta karatu kawai, ban da rubutu. Kwamfutar allon sarrafawa mai Windows XP, wadda Microsoft ta daina kula da ita a Afrilun 2014, ta cancanci hutu. Kada kuma ka haɗa akwatin da intanet ɗin ofis. Muguwar manhajar nan Stuxnet da aka gano a 2010 ta shiga tashar Natanz ta Iran, ta lalata injuna ta hanyar PLC ɗin Siemens, kuma filashi na daga hanyoyin yaɗuwarta. Toshe ramukan USB.

Sai babban aikin, sauya PLC ɗin kanta. Na'urorin awo masu aika saƙo da ƴar wuta ta miliamp 4 zuwa 20 suna aiki da sababbin katuna, kuma Siemens da Rockwell duka suna da mahaɗan da ke ɗaukar tsohon kan wayoyi su jona shi da sabon kati, ba sai an warware ɗaruruwan wayoyi ba. Shawarata, kada ka tashi daga S5 ka faɗa S7-300, PLC ɗin Siemens da ta biyo bayanta, domin an fara janye ta tun Oktoban 2023, wuce S7-1500. Manhajar da ke juya tsohon tsari zuwa na sabuwar PLC ba ta iya juya duka, kuma sabuwar ƙwaƙwalwa ta fi sauri, abin da kan rikita lissafin lokaci. Gwada a kan tebur da makunnai da fitilu har ka gamsu. Maɓallin tsayar da gaggawa kuwa ya kasance da wayarsa da rilensa na kariya, ba ya dogara da manhaja kaɗai. Ran mutum ne a wurin.

Zaɓi hutun Sallah ko wani dogon hutu, ka fara da layi ɗaya. Kashe wuta, sa kwaɗo, makulli a aljihunka. Bar tsohon akwatin a maƙale yadda za a iya komawa kansa cikin awa kaɗan idan sabon ya ƙi. Bayan ya yi wata guda yana aiki lafiya, cire tsofaffin katunan, gwada su, naɗe su a ledar da ke hana tartsatsin lantarki, ka rubuta kwanan wata. Su ne safayar layi na biyu har ranar da nasa lokacin zai zo.