Hutu a tsibiri daga Yamai: kurakuran da ke cinye kuɗin mutane tun kafin su ga teku

Yanzu a Yamai ba abin mamaki ba ne ka ji ango ya yi wa amarya alkawarin mako guda a Maldib, ko wani ɗan kasuwar Tawa yana shirin kai iyalinsa Zanzibar idan yara sun samu babban hutu. Abin farin ciki ne. Wanda ya zubar da guminsa ya cancanci ya huta, ya je ya ga ikon Allah a teku. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shirya tafiyar. Kusan kowa daga hoto yake farawa: ɗaki bisa ruwa, farin rairayi, bishiyar kwakwa. Sai ya biya kuɗin otal, daga baya ya tuna da fasfo, da damina, da hanyar jirgi. A wurinmu kuwa, da babu jirgin da ke tashi daga filin Diori Hamani ya sauka kai tsaye a ɗaya daga cikin tsibiran nan, takarda ce farko, sannan wata, sannan hanya. Otal shi ne na ƙarshe.

Ɗaukar cewa ko'ina ana ba da biza a filin jirgi

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ciwo, kuma a kan Zanzibar ya fi faruwa. Mutum zai karanta a intanet cewa masu yawon buɗe ido suna karɓar biza da saukarsu. Gaskiya ne ga Bafaranshe ko Ba'italiye. Amma Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya, kuma Tanzaniya ta sa Nijar cikin ƙasashen da sai an miƙa takardunsu ga hukumar shige da fice, ta duba, ta amince, kafin a ba da biza. Ana nema ta intanet, kuma amsar tana iya ɗaukar makonni. A nemi biza wata biyu kafin ranar tafiya, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewar ta fito. Bayan biza, tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dalar Amurka 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar a aljihu.

Maldib ta fi sauƙi: ana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta idan ya sauka, muddin yana da tikitin dawowa da shaidar wurin kwana. Sai dai akwai takardar da ake cikewa a Imuga, shafin intanet na hukumar shige da ficen ƙasar, cikin awa 96 kafin isa. Kyauta ce, duk shafin da ya nemi ka biya ba na gwamnati ba ne. Ƙasar tsibiran Seshel ba ta neman biza, amma sai ka samu izinin tafiya ta intanet kafin a bar ka ka hau jirgi.

Wajen cike takardun nan a buɗe ido da kyau. A jerin ƙasashe, Nijar da Nijeriya suna manne da juna, yatsa na zamewa. Alamar fasfonmu NER ce, ta maƙwabta NGA. Idan takarda ta saɓa da fasfo, ma'aikacin jirgi ba zai saurari bayani ba.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Nijar na cikin ƙasashen da ake neman wannan kati daga matafiyansu. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana gobe zai tashi bai yi komai ba. Wanda ya taɓa yi kuwa ba sai ya sake ba: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A nemo katin kawai, har da na yara. Fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata shida.

Zaɓen wata da kalandar gida

Mu nan muna son guduwa ne a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ke hana barci, ko kuma daga Yuli zuwa Satumba da ake hutun makaranta. Tsibiran kuwa kowanne da daminarsa.

Wanda ya gudu daga zafin Afrilu ya nufi Zanzibar ya faɗa tsakiyar babbar daminarsu, wadda ke farawa a Maris ta kai ƙarshen Mayu. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke. Lokacinta mai kyau daga Yuni ne zuwa Oktoba, wato daidai da babban hutun yaranmu. Ga mai iyali, a ganina, nan ne zaɓin da ya fi dacewa. Maldib akasin haka take: sama tana washewa daga Disamba zuwa Afrilu, daga Mayu iska da ruwa su shigo har wajen Oktoba. Tsibirin Moris yana da lokacin guguwar teku, wadda ta fi ƙarfi daga Janairu zuwa Maris, a Yuli da Agusta kuma sanyi-sanyi ne da iska, musamman a gabar gabas.

Idan ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, duba watan kafin ka yi murna. Ba laifi ba ne mutum ya je a damina don rangwame, amma ya je da saninsa. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa a kauce masa in babu dole. Kuɗin ɗaki na ninkawa, kuma otal-otal da yawa suna ɗora kuɗin liyafar dare wadda sai ka biya, ka halarta ko ba ka halarta ba.

Ƙaramin abu game da Zanzibar da hoto ba ya nunawa: a gabar gabas, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa can nesa sau biyu a yini, ya bar tabo da ciyawar ruwa. Mai son ya shiga ruwa a kowane lokaci ya nemi arewa, Nungwi ko Kendwa.

Mantawa cewa filin jirgi ba shi ne otal ba

Daga Yamai za ka bi ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ta Istanbul da Turkish Airlines, ko wata hanya mai canji biyu. Wasu, don neman sauƙi, sukan sayi tikiti biyu daban-daban, ɗaya zuwa birnin canji, ɗaya daga can zuwa tsibiri. Idan jirgin farko ya yi latti, na biyu ya tafi, kuma babu kamfanin da zai ɗauki nauyinka. Wani lokaci ma sai ka fita ka karɓi kaya, fita kuwa na buƙatar bizar ƙasar da kake ratsawa. A sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti guda, ko da ya ɗan fi tsada.

A Maldib ne lissafin ya fi rikitar da mutane. Ƙasar tsibirai ce sama da dubu, kuma yawancin manyan otal-otal kowanne tsibirinsa daban. Jirginka a filin Velana zai sauka, kusa da babban birni Male. Daga nan sai kwale-kwale mai inji idan otal ɗin na kusa, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka bisa ruwa idan yana nesa. Waɗannan ƙananan jirage da rana kaɗai suke tashi. Ka sauka bayan la'asar, za ka kwana a Hulhumale, garin da ke kusa da filin jirgin, ka biya wani ɗakin, alhali daren da ka riga ka biya a tsibiri yana tafiya a banza. Haka wajen dawowa: jirgin asuba daga Male yana nufin ka bar tsibiri tun jiya. Kuɗin wannan jigila ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da aka nuna. Nauyin kaya ma an taƙaita shi, wajen kilo 20 da ƙaramar jakar hannu. Hajiya, akwatuna uku na lefe ba za su shiga ba sai da ƙarin kuɗi. Saboda haka kafin a sayi tikiti a aika wa otal lokacin sauka da na tashi, su tabbatar a rubuce cewa jigilarsu ta dace.

Mutanen Tawa kuma su ƙara kwana guda a lissafi. Tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ba abin da za a haɗa da ranar tashin jirgi ba ne. A sauka Yamai tun jajibere.

Gaskata farashin da ke jikin hoto

Bari mu yi lissafi. A ce ɗaki a Maldib dala 500 a dare. Za a ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, ya zama 550. Sai harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 cikin ɗari tun Yulin 2025, ya kai 643 da ɗoriya. Sai harajin muhalli, dala 12 ga kowane mutum a kowane dare tun farkon 2025, wato 24 ga mata da miji. Ɗakin 500 ya zama kusan 668. A kwana biyar, abin da ka zata 2,500 ne ya haura 3,300, ba a zo maganar jigila da abinci ba.

Abinci kuwa shi ne ramin da ba a gani. A tsibirin otal babu kasuwa, babu mai shayi, babu mai tsire a bakin hanya. Duk abin da za ka sa a baki, har ruwan kwalba a wasu wuraren, a hannunsu za ka saya, da farashinsu. Haruffan da ake rubutawa kusa da farashi suna da ma'ana: BB karin kumallo ne kaɗai, HB da abincin dare, FB sau uku, AI har da abin sha. Wanda ya ɗauki BB don ya rage kuɗi yakan biya fiye da haka a ƙarshe. Amma AI ma a yi tunani, domin babban rabon kuɗinsa na giya ne, wadda ba ma sha. Ga yawancinmu FB ya fi, ko a tambayi otal ko yana da tsarin da ya haɗa lemo da shayi kawai.

Wanda lissafin nan ya yi masa nauyi kada ya fasa. Tun wajen 2009 Maldib ta ba da damar buɗe masaukai a tsibiran da ƴan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi. Teku ɗaya ne, kuɗi kaɗan, ga masallaci da kiran salla, babu giya.

Biyan kuɗi ga wanda ba ka sani ba

Shafi mai kyawawan hotuna a Facebook ko TikTok ba kamfanin tafiye-tafiye ba ne. Kada a tura miliyoyin sefa zuwa lambar wayar wani mutum. A je ofis mai adireshi, a karɓi rasit. Bayan haka a rubuta wa otal ɗin kai tsaye, ta adireshin da ke shafinsu na ainihi, a tambaya: akwai ɗaki da sunana a ranaku kaza, kuma an biya? Tikitin jirgi ma a bambanta ajiye wuri da saye. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Na Ethiopian da 071 yake farawa, na Turkish da 235. Takardar da ba ta da wannan lamba ajiya ce kawai, tana iya mutuwa cikin kwana biyu.

Sefa ba ta canzuwa a can. A tafi da dalar Amurka ko yuro, sabbin takardu marasa yagewa, don ana ƙin tsofaffi. Yuro ya fi sauƙin lissafi tunda farashinsa a tsaye yake, yuro ɗaya kusan sefa 656. A leƙa banki kafin tafiya a tabbatar katin Visa ne ko Mastercard mai aiki a waje, a ɗaga iyakar abin da ake iya kashewa, domin otal zai riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina ranar da ka shiga.

Zaton cewa ƙasar Musulmi ta wadatar

Maldib ƙasar Musulmi ce, yawancin mutanen Zanzibar ma haka. Amma otal na alfarma don baƙi daga Turai da Asiya aka gina shi. Akwai giya, a wasu akwai naman alade, kuma shigar bakin ruwa ba irin tamu ba ce. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, dalilin tambaya ne tun daga gida. A rubuta musu: naman halal ne? A kwashe giyar da ke cikin firijin ɗaki kafin mu iso. Idan uwargida na son ta yi wanka ba idon kowa, a nemi ɗaki mai wurin ninƙaya na kansa da katanga. Ɗakunan bisa ruwa da yawa a buɗe suke ga maƙwabta da masu wucewa a kwale-kwale. A sayi rigar wanka mai rufe jiki tun kafin tafiya.

Alƙibla ma tana juyawa. Mun saba fuskantar gabas. A Zanzibar arewa za ka fuskanta, a Maldib arewa maso yamma. Agogon Male yana gaban na Yamai da awa huɗu, wasu otal-otal kuma suna ƙara awa guda na kansu, don haka a bi lokacin salla da rana da manhajar waya, ba agogon bangon otal ba.

Raina ruwa

Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma wanda ya yi wasa a gulbi ko tabkin damina yana yaro bai san teku ba. Ruwan da ke kwance shuɗi a hoto yana da igiya mai ja ta ƙasa, musamman inda tudun murjani ya ƙare zurfi ya fara. A sa rigar ceto duk lokacin da za a shiga, ba kunya a ciki, kuma a gaya wa ma'aikata gaskiya cewa ba a iya ba. Mai ƙananan yara ya bar ɗakin bisa ruwa, barandarsa ba ta da shinge, shi ya sa otal-otal da yawa ba sa ba masu yara shi. Ɗakin bakin rairayi ya fi aminci, sau da yawa ya fi araha. A riƙe maganin amai don kwale-kwale, da duk maganin da ake sha kullum, na hawan jini ko na suga, a cikin jakar hannu tare da takardar likita. Babban asibiti yana iya zama tafiyar jirgi daga tsibirinka, don haka inshorar da za a saya a karanta ta a tabbatar ta ƙunshi ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti.