Babi na 6: Kula da Karen Farauta na Azawak

Darasi na 1: Gane shi

Sunan karen nan daga kwarin Azawak yake, yankin da ya ratsa arewacin Tahoua a Nijar har cikin Mali. Buzaye da Fulani sun daɗe suna kiwonsa, yana gadin ruga, yana kamo zomo da barewa. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. In ya hango nama, sai gudu.

Namiji yana kai santimita 64 zuwa 74, daga ƙasa zuwa kafaɗa. Nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Karya ba ta kai haka ba, kilo 15 zuwa 20 ce. Dogayen ƙafafu gare shi, gashi gajere, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Za ku ga haƙarƙarinsa a fili. Wannan ba rama ba ce, haka Allah ya halicce shi. Kada ku ɗura masa abinci don ya yi ƙiba.

Darasi na 2: Ciyarwa

Ku natsu a nan, domin nan ne aka fi yin kuskure.

A raba abincinsa kashi biyu: safe da yamma. Tuwon gero ko na dawa, da nono, da nama ko kayan ciki dafaffe. Ban da albasa, tana lalata masa jini. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji.

Ga dokar. In ya ci, ya huta awa 2 kafin gudu. In ya dawo daga gudu, a jira awa 1 kafin a ajiye masa kasko. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan, har hakinsa ya lafa.

Me ya sa? Kare mai zurfin ƙirji, tumbinsa yakan cika da iska ya murɗe. Alamarsa: ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, miyau na dalala, ya kasa kwanciya. Jiƙo ba ya maganin wannan. A garzaya wurin likitan dabbobi, don yakan kashe kare cikin 'yan awoyi.

Mu sake. Ya ci? Awa 2. Ya yi gudu? Awa 1. Wanda bai iya duba agogo ba, babu komai, sannu a hankali za a iya. Ga sauƙi: in za a fita farautar safe, a fita da shi bai ci ba, ya ci bayan an dawo an huta.

Amma har yanzu akwai masu cika wa kare ciki da asuba, wai don ya samu ƙarfi. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Rubuta a littafinka: ci, hutu, sannan gudu.

Darasi na 3: Lafiya

Allurar haukan kare: a yi wa kwikwiyo in ya cika wata 3, a maimaita duk shekara. Maganin tsutsar ciki duk wata 3. Bayan kowace fita, a duba kunne saboda kaska, a buɗa tsakanin yatsu a cire ƙaya da ƙarangiya. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti.

Darasi na 4: Makwanci

Yana jure zafi, ba ya jure sanyi. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta bugawa. Kada a ɗaure shi wuni guda.

Aikin gida: Awa nawa kare zai huta bayan ya ci?