Yadda Ake Gano Matsalar Faifan Birkin Gaba da Ƙafafun Tsohuwar Motar da Aka Ɗaga

Yawancin Golf da Sharon da ke jigilar fasinja da buhuna zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ba a yadda kamfani ya ƙera su suke ba. An cusa musu roba a cikin sifirin domin su ɗaga, an sa musu tayoyin da suka fi nasu girma, an kuma ɗora musu kariyar ɗaukar kaya a sama. Idan irin wannan mota ta fara karkarwa da zarar an taka birki, direba yakan ɗora wa faifai laifi nan take, ya aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wani, bayan mako uku karkarwar ta dawo. Dalili shi ne faifan da ƙafafun mota tare suke aiki, kuma ba a yanke wa ɗaya hukunci sai an duba ɗayan.

Fara da gwaji a kan kwalta mai santsi, motar babu kaya. Idan sitiyari yana rawa ne kawai a lokacin da ƙafarka take kan birki, kuma kana jin fedar tana harbin tafin ƙafarka, to zargi ya fi ƙarfi a kan faifan gaba. Idan kuwa rawar tana zuwa a wani gudu na musamman ko ba ka taɓa birki ba, wannan aikin taya ne ko rim da ya lanƙwashe a rami. Motar da ke fizga gefe guda idan an taka birki kuma, galibi kalifar ɗaya ɓangaren ce ta cije, wato ƙarfen da ke damƙe faifan, ko kuma bushin, robar da ke mahaɗin hannun ƙafar, ya mutu.

Daga nan ka nemi ƙasa mai tauri, domin jak yana nutsewa a rairayi irin na Jigawa. Ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, ka tare tayoyin baya da dutse, kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kafin ka kwance taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji tana motsi, sa yaron mota ya danne birki ka sake girgizawa: motsin da ya ɓace na boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa, wanda ya ci gaba kuwa na bol-joyin ne, mahaɗin da ke ƙasan ƙafar. Sannan ka kama ta hagu da dama, inda motsi ke nuna tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, amma shi ne mafi yawan direbobi ke tsallakewa, alhali boris mai sako-sako yana sa sabon faifai ya riƙa layi har ya cinye ta gefe guda.

Bayan an cire taya kuma faifan ya huce, bi fuskarsa da farce daga tsakiya zuwa baki. Ƙananan layuka ba komai ba ne, musamman a wurinmu da yashi ke shiga tsakanin faifai da fad ɗin da ke matse shi idan an taka birki, amma ramin da farce ke maƙalewa a ciki alama ce ta cewa fad ya ƙare har ƙarfe ya ci ƙarfe. Tudun da ke zagaye da bakin faifan yana nuna yawan abin da ya zaizaye. Launin shuɗi-shuɗi yana nufin ya sha zafin da ya wuce kima, abin da lodi mai nauyi ko kalifar da ba ta saki ke jawowa. Tsagewa kuwa, komai ƙanƙantarta idan ta kai baki, ba ta da magani sai canji. Kada ka manta da fuskar ciki, domin sau da yawa ta fi ta waje lalacewa, kuma sai an leƙa da tocila ake ganinta.

Kowane faifai yana da iyakar kaurin da kamfani ya buga a jikinsa, kusa da haruffan MIN TH. A yawancin Golf 3, faifai mai ramukan iska yana zuwa da kaurin milimita 20, kuma ba a yarda ya gaza 18 ba, wanda ba shi da ramuka kuma daga 12 ne zuwa 10. A auna a wurare da dama, nesa da tudun baki. Kai faifai wurin masu injin goga yana da amfani ne kawai idan kaurin zai tsaya sama da wannan iyaka bayan an goge, kuma faifan gwanjo ma a auna shi kafin a biya kuɗi. Ana canza na hagu da na dama tare, da sabon fad, bayan an kankare tsatsar da ke kan mazauninsa tas, saboda ɗan datti kaɗan a wurin ya isa ya sa faifan ya zauna a karkace.

Shokazoba ba ta ɓoye ciwonta: mai yana tsiyaya a jikinta, motar tana ta lilo idan aka danna gabanta aka saki, taya kuma tana cinyewa rami-rami. Bushin sai an sa ƙarfen cire taya an ɗan banƙara hannun ƙafar kafin a ga tsagewar robar. A motar da aka ɗaga, a ƙara duba robar shaf, sandar da ke juya taya, da tiyon man birki, domin ɗagawar tana canza musu zama, robar ta yage yashi ya shiga giris, tiyon kuma ya riƙa ɗamewa idan an karya sitiyari har ƙarshe. Duk abin da aka canza a ƙafar gaba, a kai motar a yi mata alaimen, wato a daidaita zaman tayoyinta, kafin a sake ɗora mata buhu.