Aikin sa kai a asibitin masallaci ko na coci a Amurka

'Yan uwa likitoci da nas-nas da kuka sauka Amurka kwanan nan, abu na farko dai lasisinku na gida ba ya aiki a nan, ko da kuwa mutum ya shekara goma yana tiyata a Kano ko Damagaram. Likita sai ya bi ta ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ya rubuta jarrabawar lasisi ta USMLE, galibi kuma ya sake horon ƙwarewa, nas kuma jarrabawar NCLEX, kowace jiha da hukumarta. To kafin nan fa? Zaman gida zai cinye ka, gara ka nemi ƙaramin asibitin da masu addini ke gudanarwa don marasa inshora.

Suna da yawa. Akwai UMMA a Los Angeles da ɗaliban likitanci Musulmi suka buɗe a 1996, akwai HUDA a Detroit, a ɓangaren Kirista kuma akwai Church Health a Memphis tun 1987. Ba sa tambayar mara lafiya addininsa, kai ma in na coci ne kusa da gidanka je ka abinka, sai dai ka tambaya tun farko ko suna sa ma'aikata hannu a takardar aƙida, wasu suna yi. Mata masu hijabi ku faɗa musu, lokacin sallah ma haka, ba abin jin nauyi ba ne.

Amma don Allah kar ka rubuta magani, kar ka ce wa mara lafiya ga ciwonka, ko da ka gano shi tun daga bakin ƙofa, yin likitanci ba lasisi laifi ne kuma zai iya rufe maka ƙofar da ka zo nema gaba ɗaya. Abin da za su ba ka shi ne karɓar mutane, cike takardu, bin likita kana kallo, ko tafinta, a Bronx ta birnin New York inda 'yan Ghana da Nijar suke da yawa mai Hausa da Faransanci ba ƙaramin amfani gare shi ba. Da ciwo kam, babban likita yana miƙa fom, amma nan ne kake ganin yadda suke rubuta bayanan mara lafiya, kuma likitan da ya ga aikinka shi zai rubuta maka wasiƙar shaida.

Za su nemi katin BLS, wato shaidar horon ceton rai na gaggawa, shekara 2 yake yi, da shaidar rigakafin ciwon hanta da gwajin tarin fuka. Yawancinmu an yi mana BCG, allurar rigakafin tarin fuka, muna jarirai, gwajin fata zai iya nuna kamar kana da shi, ka ce a yi maka na jini.

Sirrin mara lafiya kuma akwai dokar HIPAA, in ka ga ɗan garinku kar ya fito a guruf ɗin WhatsApp. Masu bizar ziyara ko ta karatu ku fara tambayar lauyan shige da fice ko ofishin ɗaliban waje na makarantarku, don aikin da aka saba biyan kuɗi a kansa ana iya lissafa shi aiki ko ba ka karɓi ko sisi ba.